Rikicin Wutar Lantarki A Gaban Alƙalai: Manya Na Ja-in-ja, Ɗan Kasuwa Ke Biya

Daga wakilinmu a Zongo, Kwatano

Duk wanda ya san unguwar Zongo ta birnin Kwatano ya san cewa harkarta ba ta tsayawa da faɗuwar rana. Teloli na kan keke har tsakar dare, masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi na lura da firji, masu cajin waya na jere da igiyoyi, masu injin niƙa na jiran matan da za su kawo masara da tattasai tun da asuba. Dukkan waɗannan sana'o'i a kan waya guda suke rataye, wato wadda ta taso daga turken da ke bakin titi ta shigo cikin shago. Idan ta yi shiru, ciniki ya yi shiru.

A shirin da nake gabatarwa a gidan rediyo, babu tambayar da masu saurare suka fi maimaitawa irin wannan: idan aka kawo wa mutum takardar kuɗin wuta da ta wuce hankali, ko aka yanke masa ba tare da sanarwa ba, wa zai kai wa kuka? Magajin gari ne, ko gwamna, ko kamfanin, ko kotu? Masu tambayar ba mazauna Kwatano ne kaɗai ba. Akwai mai shago a Seme da iyali a Zongo, akwai mai ɗauko albasa daga Malanbil, akwai wanda rabin shekararsa a Illela ko Jibiya yake yin ta. Kowannensu yana rayuwa a ƙarƙashin dokoki biyu ko uku a lokaci guda. Wannan ne ya sa muka bi sawun wasu shari'o'in da aka yi a kan wannan batu, domin mai karatu ya ga yadda ikon yake a rabe, ya kuma san ƙofar da zai buga.

Ranar da aka rufe ofis, aka kuma yanke wuta

Mu fara da Kaduna. A ranar Juma'a 2 ga Agusta 2024, hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kaduna ta garƙame hedikwatar kamfanin rarraba wutar lantarki na Kaduna Electric, tana mai cewa tana bin sa harajin da ya kai kimanin naira miliyan 600, kuma da izinin kotu ta ɗauki matakin. A wannan rana dai kamfanin ya bayyana cewa ya yanke wutar Gidan Gwamnatin jihar da wasu ofisoshinta, saboda bashin kuɗin wuta na kimanin naira biliyan 2.9 da ya ce yana bin gwamnatin. Wato mai bin bashi shi ma ana bin sa, kowa kuma ya ɗauko makamin da ke hannunsa: wancan kwaɗo da takardar kotu, wannan tsani da almakashi.

Masu iya magana na cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To amma wannan faɗa da ruwan ɗan kasuwar iyaka a cikinsa, domin Kaduna Electric ba Kaduna da Zariya kaɗai yake ba wuta ba. Jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara duk a hannunsa suke, ma'ana kasuwannin Illela da Kamba suna cikin yankinsa. Ranar da aka kulle hedikwatar kamfani, wanda taransifomar unguwarsa ta ƙone ba zai sami mai sa hannu a fitar masa da wata ba. Kuma kuɗin da gwamnati ba ta biya ba ba ya ɓacewa a iska. Kamfanin da ake bi bashi ba ya sayen sababbin kayan aiki, ba ya raba mita, sai ya koma kan ƙaramin mai shago da takardar ƙiyasi.

Idan mai karatu bai manta ba, watanni bakwai kafin wannan rana, a Janairun 2024, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki ta tarayyar Nijeriya, wato NERC, ta rushe majalisar daraktocin wannan kamfani saboda bashin kimanin naira biliyan 110 da kasuwar wuta ta ƙasa ke bin sa, ta naɗa mai riƙo. A Fabrairun shekarar kuma kamfanin da ke ba Abuja wuta ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati a jaridu, har da fadar shugaban ƙasa, yana barazanar yanke musu saboda bashin kimanin naira biliyan 47. Sarƙar bashi ce mai tsawo: gwamnati ba ta biyan mai rarrabawa, mai rarrabawa ba ya cika wa mai samarwa, mai samarwa ba ya cika wa mai sayar da iskar gas.

Yadda aka zo nan

Domin fahimtar dalilin da ya sa kotunan Nijeriya suka cika da irin waɗannan ƙararraki, sai an koma baya kaɗan. Tun daga 1972 hukumar NEPA ce ke riƙe da komai, daga madatsar ruwan Kainji har zuwa ƙwan fitilar ɗakin mutum. A 2005 aka yi dokar garambawul, NEPA ta koma PHCN, aka kafa NERC domin tsara farashi da ba da lasisi. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa 10 daga cikin kamfanonin rarrabawa 11 ga 'yan kasuwa. Daga cikinsu KEDCO ya ɗauki Kano da Katsina da Jigawa, inda kasuwannin Jibiya da Maigatari suke.

A duk tsawon wannan lokaci ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa a kan farashin wuta ko ingancinta. Abin da tsarin mulki ya ba ta shi ne kasuwanni, tashoshin mota, fitilun titi, kwashe shara, harajin gidaje da na allunan talla. Ita ma jiha ikonta a kan lantarki ya tsaya ne ga yankunan da babban layin ƙasa bai kai ba. Sai ya zamana hanyar da ta rage wa gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ya taɓa kamfanin wuta ko na waya ita ce haraji, da izinin haƙa titi, da izinin kafa turke. Daga nan mafi yawan rigingimu suke tasowa.

Kamfanonin wayar salula ne suka fara gwada wannan iyaka a kotu. A 2004 Jihar Legas ta yi dokar da ta kafa hukuma mai kula da turakun sadarwa da haƙa tituna, tare da kuɗaɗen da za a riƙa biya. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, kuma a 2007 Mai Shari'a Ibrahim Auta ya yanke hukuncin cewa sadarwa hurumin gwamnatin tarayya ce, jiha ba za ta fake da tsara gari ta shiga aikin hukumar sadarwa ta ƙasa ba. Hukuncin bai kashe wutar ba. A Afrilun 2022 hukumar harajin Jihar Kogi ta rufe wasu tashoshin turakun waya da izinin kotu, har ALTON ta yi gargaɗin cewa layuka na iya ɗaukewa a Abuja da jihohin da ke maƙwabtaka. Ga wanda cinikinsa ya dogara da turo kuɗi ta waya, ɗaukewar layi daidai take da rufe shago.

Masana'antun Kano a gaban alƙali

A ranar 3 ga Afrilu 2024 NERC ta ƙara farashin wuta ga masu amfani da ke rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla sa'o'i 20 na wuta a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. An ɗan rage shi daga baya zuwa ƙasa da naira 210, amma duk da haka ya ninka tsohon farashi sau uku. A Kano, inda masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka daɗe suna fama, wasu kamfanoni da suka haɗa da Dala Foods da Tofa Textile, tare da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, suka garzaya Babbar Kotun Tarayya. A watan Mayu Mai Shari'a Abdullahi Liman ya ba da umarnin wucin gadi da ya hana NERC da KEDCO aiwatar da sabon farashin, ya kuma hana a yi wa masu ƙarar barazanar yanke wuta har sai an saurari batun.

Labari ya bazu a kasuwanni cewa kotu ta soke ƙarin kuɗi. Amma a nan akwai abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe: umarnin wucin gadi ba hukunci ba ne. Cewa ce kawai kowa ya tsaya a inda yake kafin alƙali ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Babbar ƙarar da ƙungiyar MAN ta shigar a Legas a kan wannan farashi, a watan Oktoban 2024 kotu ta yi watsi da ita, bisa dalilin cewa masu ƙarar ba su fara bin hanyar ƙorafi da doka ta tanada a cikin hukumar NERC ba kafin su zo kotu. Ƙungiya mai manyan lauyoyi ta faɗi ne saboda ta tsallake ƙofar farko.

Ko da an ci nasara ma, ba lallai ne a ga canji a takardar kuɗi ba. A Fabrairun 2016 an ƙara farashin wuta da kimanin kashi 45 cikin 100. Wani lauya a Legas, Toluwani Adebiyi, ya kai ƙara, kuma a ranar 13 ga Yulin shekarar Mai Shari'a Mohammed Idris ya ce ƙarin ya saɓa doka, a koma tsohon farashi. NERC ta ɗaukaka ƙara, kamfanoni suka ci gaba da karɓar sabon farashin. Mutane suka yi murna a gaban rediyo, ƙarshen wata kuma suka biya.

An raba iko, an buɗe sabon babi

A watan Maris 2023, dab da saukarsa, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin doka kan samarwa da dakon wuta da rarraba ta, har a yankunan da babban layin ƙasa ya ratsa. A watan Yuni Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki ta 2023. A ƙarƙashinta, jihar da ta yi tata dokar ta kafa tata hukumar za ta iya karɓar ikon sa ido daga hannun NERC. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, daga baya wasu suka biyo, cikinsu har da Legas da Ogun, waɗanda iyakokin Seme da Idiroko ke cikinsu, da kuma Jihar Neja.

Enugu ce ta fara nuna wa sauran abin da ke gaba. A Yulin 2025 hukumar lantarkin jihar ta umarci kamfanin MainPower ya rage farashin rukunin A daga naira 209 zuwa naira 160 daga ranar 1 ga Agusta. Jama'ar jihar suka yi maraba, amma kamfanonin da ke samar da wuta suka ce ba za ta saɓu ba. Ita kuma NERC ta bayyana matsayinta cewa jiha ba ta da iko a kan farashin wutar da ke fitowa daga babban layin ƙasa, don haka duk jihar da ke son rage wa mutanenta, sai ta cike giɓin daga aljihunta. Hujjar kowane ɓangare tana da nauyi. Jihar na cewa ta duba littattafan kamfanin ta ga abin da ya dace ya karɓa. Tarayya na cewa wutar da ake rabawa a Enugu ba a Enugu aka samar da ita ba, kuma tallafin da ke sa ta yi araha daga baitulmalin tarayya yake fitowa.

Darasi ga gwamnonin arewa a bayyane yake. Karɓar iko abu ne mai sauƙi a takarda, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jihar da ba ta biyan kuɗin wutar sakatariyarta da asibitocinta, da wane baki za ta tsawata wa kamfanin?

Su kuwa ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya, a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Hukuncin bai ba su iko a kan kamfanonin wuta ba, amma ya cire musu uzuri guda: fitilun titi da na cikin kasuwa aikinsu ne tun asali, kuma mai biyan kuɗin rumfa yana da haƙƙin ya tambaya.

A Benin, shiru ya fi yawa

A nan gida Benin ba a cika jin magajin gari ya kai kamfanin wuta ko na ruwa kotu ba, kuma dalilin ba wai komai na tafiya daidai ba ne. Tsarin ne daban. Kamfanin wuta na SBEE da na ruwa na SONEB, waɗanda a da abu guda ne kafin a raba su a tsakanin 2003 da 2004, dukkansu mallakar gwamnatin tsakiya ne. Farashin wuta yana bi ta hannun hukumar sa ido ta ARE da gwamnati, a ƙarƙashin dokar lantarki ta 2020. Wuta kanta, wani kaso mai yawa daga waje ake sayo ta. Tun 1968 Benin da Togo suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta CEB, wadda ta daɗe tana kawo wuta daga Ghana, a 1987 aka buɗe madatsar Nangbeto a kan kogin Mono, a 2007 aka haɗa layi daga Ikeja ta Nijeriya zuwa Sakete, sannan a 2019 aka ƙaddamar da tashar Maria-Gleta mai ƙarfin megawat 127 a kusa da Kwatano. A shekarar ce kuma aka damƙa gudanar da SBEE na wani wa'adi ga wani kamfani na ƙasar Kanada, Manitoba Hydro International, a ƙarƙashin yarjejeniyar tallafi da Amurka.

A takarda, dokar ƙananan hukumomi ta Janairun 1999 ta ba kwamin 77 na ƙasar nauyin ruwan sha da kwashe shara da fitilun titi da kasuwanni. Bayan zaɓen farko na ƙarshen 2002, tsohon shugaban ƙasa Nicéphore Soglo ya zama magajin garin Kwatano a 2003, ya riƙe kujerar har 2015. Tsofaffin 'yan kasuwa za su tuna yadda ya yi shekaru yana neman a miƙa wa birni kasuwar Dantokpa, wadda a lokacin take hannun kamfanin gwamnati na SOGEMA, amma haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. A farkon 2017, lokacin da aka rushe rumfuna da shagunan da ke bakin tituna, farfe Modeste Toboula ne ya jagoranci aikin, ba magajin gari ba. A tsakiyar shekarar kuma gwamnati ta dakatar da magajin garin na lokacin, Léhady Soglo, ta tsige shi.

Daga nan gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau a 2016, ta ci gaba da tattara ayyuka a hannun hukumomin tsakiya. A 2017 aka kafa hukumar ruwan sha ta karkara, a 2018 aka kafa kamfanin SGDS da ya karɓi aikin shara a Kwatano da Abomey-Calavi da Porto-Novo da Ouidah da Seme-Kpodji, kasuwanni kuma aka mai da su ƙarƙashin hukumar ANaGeM. Gaskiya ɗaya ce, duk wanda ya san Kwatano a da ya san an sami sauyi a tsabtar tituna da tsayuwar wuta. Amma sauyin ya zo da farashinsa: kansilan da ka zaɓa, wanda ka san gidansa, ba shi ne ke riƙe da famfo ko turke ba. Iyakarsa ya raka ka ko ya rubuta wasiƙa.

Saboda haka rigimar wuta a unguwa irin Zongo ba a zauren kotu ake yin ta ba, a tsakar gida ake yi. Na taɓa zama a gidan haya mai ɗakuna da yawa da kwantar guda. Duk ƙarshen wata sai an zauna ana ƙirga ƙwayayen fitila da fanka, ana gardamar ko firjin wance ya fi dutsen gugar wane shan wuta, mai gida kuma ya ɗora nasa a kai ba tare da ya nuna wa kowa takardar asali ba. A bayan gari kuwa akwai abin da ake kira yanar gizo-gizo, inda ake jawo siririyar waya daga gidan mai kwantar zuwa gidaje masu nisa a kan sanduna. Wanda ke shan irin wannan wuta yakan biya fiye da farashin hukuma, ga haɗarin gobara, kuma ba shi da wata takarda da zai nuna wa alƙali. A idon doka, shi ba abokin cinikin kamfani ba ne.

Nijar: da kotun ta ƙi sauraro

'Yan kasuwar Gaya da Birnin Ƙonni da Maraɗi sun ga wani salon na daban. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram. Kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin, a cikin takunkuman ƙungiyar ECOWAS, Nijeriya ta katse wutar, aka kuma rufe iyakoki. Hukumomin Yamai tare da wasu ƙungiyoyi da kamfanonin ƙasar suka kai ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja suna neman a dakatar da takunkuman. A ranar 7 ga Disamba 2023 kotun ta ƙi amincewa, tana cewa gwamnatin soja ba halastacciya ba ce da za ta tsaya a gabanta da sunan ƙasa. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 shugabannin ƙungiyar suka ɗage takunkuman, a watan Maris kuma Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka da mai da wuta. Abin da shari'a ba ta bayar ba, siyasa ce ta kawo shi, bayan watanni bakwai na duhu da asarar kifi da nama da magunguna a cikin firji.

Ƙofofin da ɗan kasuwa zai buga

Duk shari'o'in da muka kawo abu guda ya haɗa su: ƙaramin ɗan kasuwa ba ya cikin masu ƙara, ba ya cikin waɗanda ake ƙara, amma a kansa hukuncin ke sauka. To mene ne nasa?

A ɓangaren Nijeriya, ƙa'ida ita ce a fara rubuta ƙorafi ga sashen koke-koke na kamfanin, a karɓi shaidar an miƙa. Idan kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, sai a kai ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke yankin, wanda ake kira Forum, daga nan kuma zuwa hukumar kanta. A jihohin da suka karɓi iko, hukumar jihar ce ta maye wannan gurbi. Ya kamata a sani cewa tun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya rubuta wa wanda ba shi da mita, kuma a Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanoni 11 naira biliyan 10.5 saboda ƙetare wannan iyaka. Haka nan a ƙa'idar hukumar, sayen taransifoma da turke da waya nauyin kamfani ne, ba na 'yan unguwa ba, kuma bashin wanda ya bar shago ba ya hawa kan wanda ya shigo. Idan 'yan kasuwa suka ga dole su haɗa kuɗi su sayi taransifoma, to a yi rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin tun kafin a fitar da kwabo.

A Benin a fara da reshen kamfanin da ke unguwa, a rubuce, a ajiye kwafi. Idan ba a dace ba akwai hukumar ARE, akwai ƙungiyoyin kare masu saye, akwai ofishin mai shiga tsakani na ƙasa da ke Porto-Novo, wanda aikinsa sasanta ɗan ƙasa da hukuma ba tare da kuɗin lauya ba. Ga rigimar ciniki kuma akwai kotun kasuwanci ta Kwatano. A Nijar hukumar ARSE ce ke sa ido a kan makamashi tun 2015.

Amma kafin duk wannan akwai abubuwa uku da ke hannun mutum. Na farko, ya nemi mita ko kwantar da sunansa, ko da mai kati ce, domin wanda ba shi da lamba ba shi da ƙara. Na biyu, ya adana kowace takardar biya da kowane saƙon waya na sayen wuta, ya kuma riƙa rubuta ranakun da aka ɗauke da tsawon lokacin. Wanda aka ɗora a rukunin A amma bai ga sa'o'i 20 ba, wannan littafi ne hujjarsa. Na uku, kada ya tafi shi kaɗai. Masana'antun Kano sun sami kunnen alƙali ne domin sun je a ƙungiyance. Muna da sarakunan Zongo, muna da shugabannin kasuwa, muna da ƙungiyoyin teloli da mahauta da masu dakon kaya, waɗanda ke tara kuɗi duk mako domin biki da rasuwa. Babu abin da zai hana su ware wani abu domin mai rubuta wasiƙa da Faransanci ko Turanci, da kuma lauya idan ta kama. Takarda mai ɗauke da sa hannun shaguna 200 ba a jefa ta a kwandon shara kamar ta mutum guda.

Ga shugabanni kuwa, na jiha ne ko na kwamin, kiranmu ba mai tsawo ba ne. Wanda yake son ya hukunta kamfanin wuta, ya fara biyan nasa kuɗin wutar. Wanda kuma zai sa kwaɗo a ƙofar kamfani, ya tuna da telan da ya karɓi ɗinkin Salla da mai ƙanƙarar da jarinta ke narkewa a cikin firji. Allah ya sa mu dace.